Daga Ƙuryar Ɗaki Zuwa Bakin Titi: Waiwaye Kan Adon Gida a Gaɓar Sawahili

A gaɓar gabashin Afirka, daga kudancin Somaliya har zuwa arewacin Mozambik, akwai jerin garuruwa da tsibirai da Musulmi masu magana da harshen Sawahili suka zauna tun ƙarnuka masu yawa, kuma a cikinsu ne aka samar da wani salon gida wanda ginin bangonsa da tsarin ɗakunansa da kayan da ke cikinsa suka dace da juna matuƙa. Lamu da Mombasa a ƙasar Kenya, da tsohon birnin Zanzibar a Tanzaniya, su ne wuraren da wannan salo ya fi bayyana a yau, har otal-otal da masu sayar da kayan ɗaki suna tallata shi a matsayin alamar natsuwa da jin daɗin zama a bakin teku. Sai dai wanda ya bi tarihin gidan zai ga cewa adonsa ya yi doguwar tafiya a cikin shekaru 200 da suka shige, domin abin da a da ake ɓoyewa a can ƙuryar gida don iyali, musamman mata, shi ne aka riƙa fitowa da shi sannu a hankali har ya iso inda baƙo da mai wucewa za su fara ganinsa.

Iska ce ta fara tsara rayuwar waɗannan garuruwa. Daga wajajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas, wadda suke kira kaskazi, takan koro jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska daga ƙasar Larabawa da Farisa da yammacin Indiya, sannan daga Afrilu zuwa Satumba iskar kudu, wato kusi, ta mayar da su gida ɗauke da hauren giwa da katako da zinariya da bayi. Saboda ɗan kasuwar da ya zo dole ne ya jira iska ta juya kafin ya koma, yakan shafe watanni a hannun wani attajiri na garin wanda zai ba shi masauki, ya kuma tsaya masa a ciniki, don haka gidan attajiri ya zama wurin kwana da wurin kasuwanci a lokaci guda. Ibn Battuta ya ziyarci Mombasa da Kilwa a 1331, ya kuma yaba kyawun Kilwa, sannan a kufan Gede da ke kusa da Malindi, garin da ya watse a ƙarni na 17, masu tono kayan tarihi sun samu tangaran na ƙasar Sin a cikin gidajen mutane. Wannan ya nuna cewa tun asali kayan ƙetare wani ɓangare ne na al'adar gidan Sawahili.

Ginin kansa kuwa daga abin da teku ya bayar aka yi shi. Ana haƙo dutsen murjani, wato dutsen da ƙananan halittun ruwa suke tarawa a bakin teku, a jera shi ya zama bango mai kauri, a kuma ƙona wani sashe nasa ya zama farar ƙasa, wadda ake binnewa a rami na tsawon lokaci domin ta nuna kafin a yi kwaɓin gini da shafe da ita. Rufin ɗaki yana zaune ne a kan sandunan itacen mkoko, bishiyar da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Waɗannan sanduna, da ake kira boriti, ba su da tsawo sosai, shi ya sa faɗin ɗaki da wuya ya wuce mita 3, sai dai a ja shi a tsawo daga wannan bango na gida zuwa wancan. Bango mai kauri da rufi mai tashi da farar ƙasar da ke tsotse danshi ta sake shi, tare da lungunan gari masu ƙunci da ke riƙe inuwa, su ne suka ba gidan sanyinsa a ƙasar da zafi da gumi ba sa yankewa.

A tsofaffin gidajen Lamu, waɗanda akasarinsu na ƙarni na 18 ne, mai shiga yakan fara da daka, wato ɗan zaure buɗaɗɗe mai dakali a gefe da gefe, inda maigida ke ganawa da maza ba tare da sun leƙa cikin gida ba. Bangon waje fili ne wanda babu zane a jikinsa, in ban da ƙofar katako da aka sassaƙa. Bayan ƙofa akwai ɗan lungu da ke karya ganin mai shigowa, sannan tsakar gida da ake kira kiwanda, wadda ta nan ne haske da iska ke shiga, daga nan kuma sai dogayen ɗakuna da ake kira msana a jere ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗara na gabansa tudu da taki guda. Na can ciki shi ne ndani, ɗakin uwargida, wanda namijin da ba muharrami ba ba ya isa gare shi. Baƙon da ya zo daga ƙetare yana da nasa ɗaki, sabule, kusa da ƙofa. Ƙa'idar da ta tsara wannan duka ita ce sutura, kuma a bisa wannan ƙa'ida ado yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mutum ke nitsawa ciki, ta yadda ɗakin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda mutane kaɗan ne za su taɓa ganinsa.

A bangon ƙarshe na ndani ake yin zidaka, wato jerin ƙananan alkuki da ake sassaƙawa a cikin shafen farar ƙasa, sahu a kan sahu, kowanne da ɗan bakansa mai lanƙwasa, har su rufe bangon kusan gaba ɗaya. A cikinsu ake ajiye faranti da kwanonin tangaran na Sin da Farisa, da kwalaben turare, da littattafan addini da aka rubuta da hannu. A gidajen manyan gari, waɗanda ake kira waungwana, uba ne ke tanadar wa 'yarsa wurin zama idan za ta yi aure, miji ya tare a wurinta, kuma sau da yawa saboda bikin ne ake kiran masu shafe su yi wannan aiki, a gabansa kuma ake zaunar da amarya mata su zo su gan ta. A wannan ɗaki mace ke haihuwa, a nan kuma ake wanke gawa. Mai karatu Bahaushe zai tuna da jeren amarya, wanda ya tashi daga ƙore zuwa tasoshin tagulla, daga nan zuwa kwanonin langa da tangaran a cikin kabad, domin a wuraren biyu kwanon da ba a cin abinci a cikinsa shi ne ke shaida darajar mace da ta gidan da ta fito.

Kayan zama da na kwanciya ba su da yawa, amma kowanne yana da matsayinsa. Akwai kiti cha enzi, wato kujerar girma, mai dogon baya da wurin ɗora ƙafa, wadda ake yi da baƙin katako, a manna mata hauren giwa ko ƙashi, a saƙa mazauninta da zare domin iska ta ratsa, kuma babban baƙo ake ba wa ita, ko ango da amarya. Gadaje kan tsaya a ƙarshen kowane msana, a ja labule a gabansu, ta haka dogon ɗaki ɗaya yake zama wurin zama da rana da wurin kwana da dare. Gadon masu hali, kamar wanda ake kira pavilao a Lamu, yana da tsayi har sai an taka ɗan benci kafin a hau, talaka kuwa yana da ulili, gadon katako da aka ɗaure da igiya. Tufafi da gwala-gwalai suna cikin kasha, adakar katako da aka yi wa ado da ƙusoshin tagulla, wadda amarya ke tafiya da ita. A ƙasa kuma akwai mkeka, tabarmar da mata ke saƙawa da ganyen dabinon daji bayan sun rina shi launi-launi, a kanta ake hira, a kanta ake cin abinci, sannan akwai msala, ƙaramar tabarmar salla mai zagayayyen baki.

A madafa, wadda a gidajen bene na Lamu takan kasance a can sama ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa domin hayaƙi ya fice, babu abin da ya kai mbuzi muhimmanci. Ƙaramar kujera ce ta katako mai naɗewa, da wani ƙarfe mai haƙora a bakinta, mace ta zauna a kai ta kankare kwakwa, sannan ta zuba abin da ta kankare a cikin kifumbu, wata doguwar jaka da aka saƙa da kaba, ta matse ruwan da za a dafa shinkafa da kifi da wake da shi. Ana kawo abinci a babban tire mai suna sinia, a rufe shi da kawa, murfin saƙa mai tsini, ana kuma zuba gahawa daga dele, butar tagulla mai faɗin gindi. A banɗaki akwai birika, wato ma'ajiyar ruwa da aka gina da dutse, inda ake sakin 'yan ƙananan kifaye su cinye tsutsar sauro. Ƙamshi ma yana cikin kayan gida na dole, domin da yamma ana turara ɗaki da tufafi da udi a cikin kaskon da ake kira chetezo, a yayyafa wa baƙo ruwan wardi, a kuma watsa furen yasmin a kan shimfiɗa.

Adalci ga tarihi yana buƙatar a faɗi cewa gidan dutse na 'yan tsiraru ne, kuma ba da hannun masu shi kaɗai ya tsaya ba. Bayi ne ke noma gonakin da ke ciyar da shi a babban yankin ƙasa, su ne ke ɗebo ruwan da ake cika birika, a gidaje da yawa kuma bayi mata suna kwana a hawa na ƙasa. Galibin mutanen gaɓar, masunta da manoma da ma'aikatan jirgi, suna zaune ne a gidajen laka da itace masu rufin makuti, wato ganyen kwakwa da aka ɗaure sahu-sahu. Abin lura shi ne cewa mbuzi da mkeka da kawa da kaskon turare suna cikin gidan laka kamar yadda suke cikin gidan dutse, don haka su ne ainihin abin da ya haɗa al'ummar, yayin da zidaka da kujerar girma suka kasance alamar da ke raba mai arziki da mara shi.

Sauyi na farko mai girma ya zo ne a ƙarni na 19, lokacin da Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa Zanzibar a wajajen 1840, arzikin kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi ya cika garin da Larabawa da 'yan kasuwar Indiya. Yarjejeniyar ciniki da ya ƙulla da Amurka a 1833 ta buɗe hanya ga jiragen da ke kawo farin yadi da agogon bango, daga baya kuma kananzir, masana'antun Holan da Ingila suka riƙa yin farantai masu zanen wata da tauraro domin kasuwannin Musulmi, aka kuma shigo da manyan madubai da fitilun gilashi da gadajen Indiya. Attajiran wannan zamani sun fi son ɗakin karɓar baƙi mai faɗi da tagogi da baranda mai kallon titi. Sultan Barghash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888 bayan ya taɓa zaman gudun hijira a Bombay, ya gina Beit al-Ajaib a 1883 da ginshiƙan ƙarfe da baranda a kowane hawa, kuma a zamaninsa ne ƙofofi masu zagayayyen kai da manyan ƙusoshin tagulla irin na Indiya suka yawaita. A nan ne ado ya fara juyowa yana fuskantar waje.

Sauyi na biyu talauci ne ya kawo shi. An rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873, an soke halascin bauta a tsibirin a 1897, a gaɓar Kenya kuma a 1907, wanda hakan ya 'yantar da dubban mutane, ya kuma rushe tattalin arzikin da manyan gidaje suka dogara a kansa. Jiragen ruwa masu inji da hanyar jirgin ƙasa da Birtaniya ta shimfiɗa daga Mombasa tsakanin 1896 da 1901 suka janye ciniki zuwa tashar Mombasa, aka bar garuruwan Lamu da Pate da Siyu a gefe. Iyalai da yawa sun sayar da tangaran da kujeru da adakokinsu ga dillalan kayan da, har alkukin bango suka zama wayam, amma rashin kuɗin rushewa a sake gini shi ne ya sa tsofaffin gidajen Lamu suka kai ga wannan zamani. A Zanzibar kuwa juyin juya halin 12 ga Janairu 1964 ya sa an kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, wasu suka gudu, gwamnati ta ƙwace gidajensu ta zuba iyalai da dama a cikin kowanne, sannan gwamnatin Abeid Karume ta gina dogayen benayen siminti na Michenzani bisa tsarin da masana daga Jamus ta Gabas suka taimaka aka zana.

Daga nan kayan zamani suka shiga ko'ina, kuma ba a rasa dalili ba. Kwanon rufi ba ya kama wuta kamar makuti, ba ya kuma buƙatar sauyi bayan 'yan shekaru, famfo ya hutar da mata daga ɗaukar ruwa, roba ta fi tukunyar ƙasa araha da sauƙin wanki, kuma babu mai hankalin da zai zargi uwar da ta zaɓi abin da zai rage mata wahala. Amma wasu daga cikin sababbin kayan sun yi wa tsohon gini illa, musamman siminti, wanda idan aka shafe bangon murjani da shi yakan kulle danshi da gishiri a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, bakin sandunan rufi ya ruɓe, har wata rana ɗaki ya rufta. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuma yana tara zafin da sai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ta kore shi, alhali tsohon gida da kansa yake yin wannan aiki. Haramcin fitar da itacen mkoko da Kenya ta yi a 1982, da haramcin cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, matakai ne da suka wajaba domin kare daji da dabbobi, sun kuma tilasta wa masassaƙa neman wasu kayan aiki.

Sauyi na uku ya zo da masu kare kayan tarihi da masu yawon buɗe ido. An kafa hukumar kula da tsohon birnin Zanzibar a 1985, gidauniyar Aga Khan ta gyara wasu manyan gine-gine a can, UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ta kuma sanya Lamu a 2001. Turawa da attajiran Nairobi sun sayi gidaje a Lamu da ƙauyen Shela da ke kusa da ita, suka gyara su da farar ƙasa da katako, wanda hakan ya dawo wa masu shafe da masassaƙa da aikin da ya kusa ɓacewa, kuma wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Sai dai gidan da aka gyara domin haya yana bin buƙatar mai haya. Ana yin zidaka a falo da wurin cin abinci da bakin wurin wanka, ana sa kujerar girma a mashigar otal, adakar amarya ta zama teburin shayi, ƙofar gida kuma a rataye ta a bango. Farashin gidaje ya tashi har magada da yawa, waɗanda gida ɗaya ya zama na mutum goma a cikinsu, suka ga sayarwa ta fi musu, suka koma unguwannin bulo a bayan gari. Rushewar wani sashe na Beit al-Ajaib a Disamba 2020 ta nuna cewa shiga jerin UNESCO ba ya hana gini faɗuwa idan kulawa ta yi ƙaranci.

Duk da haka, wanda ya shiga gidan talaka a unguwar Ng'ambo ta Zanzibar ko a bayan garin Lamu zai tarar da abubuwa da yawa suna nan da ransu. Bangon bulo ne, kujerun kushin ne, akwai talabijin da firji, amma har yanzu ana cire takalmi a ƙofa, ana rataye labule tsakanin inda baƙo ke zama da inda mata suke, ana shimfiɗa tabarma a ci abinci a tire ɗaya, ana kankare kwakwa a kan mbuzi ko da akwai injin markaɗe, ana kuma turara ɗakin amarya da udi. Farantan da a da ke cikin alkukin bango sun koma kabad mai gilashi. Abubuwan da suka tsira su ne waɗanda ke da aikin yi a kullum, da waɗanda addini da kunya da karɓar baƙo ke riƙe da su, kuma mata ne suka fi kowa ɗaukar nauyin riƙe su, kamar yadda su ne masu ɗakin da aka fi ƙawatawa a da.

Abin da wannan tarihi ke koyarwa shi ne cewa shigowar baƙon kaya bai taɓa zama barazana ga gidan Sawahili ba, tunda al'ummar da ta karɓi tangaran na Sin da gadon Indiya da agogon Amurka ta mayar da su nata ba za ta gaza da roba da gilashi ba. Barazanar tana wurin rabuwar gidan da mutanen da suka san dalilin kowane abu da ke cikinsa, da kuma yankewar ilimin ƙona farar ƙasa da sassaƙa da saƙa idan dattawan masu sana'a suka shuɗe ba tare da almajirai ba. Saboda haka aikin kare wannan gado ya wuce gyaran fuskar gini domin idon baƙi. Yana buƙatar rance mai sauƙi ga magada domin su gyara gidajensu su ci gaba da zama a ciki, da koyar da matasa aikin farar ƙasa da katako a matsayin sana'ar da za ta ciyar da su, da dasa mkoko a madadin wanda aka sare, da kuma masu zanen gine-gine da za su ɗauki hikimar tsakar gida da bango mai numfashi su sa ta a cikin gidaje masu araha waɗanda masunci da malamin makaranta za su iya ginawa.